Kantar Birgi

Mahaifina da baki yake jefa birgi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tafkin Kainji da hantsi ya ga yadda ake yi. Mutum zai tattara ragar a hannun hagu, ya rataya wani sashi a gwiwar hannu, sannan ya ɗauki gefen da darma take ya ciza. Sai ya murɗa ƙugu ya watsa, ya saki haƙori a daidai lokacin da ya kamata. In ya saki da wuri raga ta dunƙule, in ya makara ta tafi da haƙorinsa. Na gwada da ƙuruciya, na faɗa ruwa na sha na ƙoshi. Baba ya dube ni daga cikin jirgi ya ce wannan dai a kai shi boko. Dalilin ke nan nake koyarwa a firamare a Yelwa, ƙannena biyu kuma suna kan ruwa a tungarmu ta masunta, kusa da Wara.

Da ɓangaren dama Baba yake cizo tun yana saurayi. Saboda haka da ƙullutun ya fito masa a ƙarƙashin kunnen dama, daidai inda muƙamuƙi ya ƙare, ba a sha wahalar nemo masa dalili ba.

Na fara ganinsa ne a wata ƙaramar salla da na je gida, bayan wanzami ya yi masa aski ya gyara gemu. Bai fi ƙwayar gyaɗa ba. In ka taɓa sai ya zame ƙarƙashin yatsa. Inna, wato mahaifiyarmu, ta ɗauka hangum ne, har ta ɗiɗɗiga masa bula kamar yadda ake yi wa yara, muka yi ta dariyar tsoho da zanen shuɗi a wuya. To amma hangum zazzaɓi yake zuwa da shi, ya yi kwanakinsa ya tafi. Wannan ba zazzaɓi, ba zafi, ba niyyar tafiya.

Wanda ya raɗa masa suna abokin Baba ne, wani tsoho da suka tashi tare, mai bakin da ba ya rasa amsa. Ya danna wurin da babban yatsa, ya ɗaga kai ya ce, "Kanta ta. Kantar birgi. Duba hannunka, hilahilin tuƙin jirgi bai yi maka kanta ba? Kahwaɗa ta yi, gwiwa ta yi. Muƙamuƙin da ad da shekara da shekaru shina cizon darma, shi ɗai za a bari?"

Ni da nake taƙama da karatu ban iya rushe maganar nan ba. A tungarmu kowane aiki yana barin alamarsa a jiki. Matan da ke banda idanunsu jajaye ne, masu jan taru, babbar ragar nan, yatsunsu ba sa miƙewa. Me zai hana mai birgi samun tasa? Baba kuwa abin ya yi masa daɗi. In samari masu jirgin inji suka fara cika baki a inuwar mangwaro, sai ya karkata kai ya nuna musu wurin, ya ce duk wanda bai da irinta yaro ne, ya yi shiru manya na magana. Har wani ƙanina ya riƙa shafa nasa muƙamuƙin a ɓoye yana duba ko ta fara fitowa.

Da abin ya kai girman goro na ce a je asibiti. Ba don na san wani abu ba, hankalina ne dai bai kwanta ba. Kafin Baba ya amsa, Inna ta tare ni. Tana da yayanta da aka taɓa kai shi aikin gwaiwa, aka dawo da shi a naɗe a tabarma, tun daga ranar ko warin asibiti ba ta so. Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta ce, "Ba ka kai min shi ga masu wuƙa. Shina ci, shina sha, shina kwana lahiya lau. Nuna min inda ciwon yake."

Na ce ai ba kowane ciwo ne yake zuwa da zafi ba.

"Wanda bai zahi ba ciwo na ba. Ka koma ga ɗiyan makarantarka."

Ina da saurin fushi, gadon Baba ne. Na ɗauki jakata na hau babur ban ko tsaya cin tuwo ba. Amma ko a hanya na san ba mugunta ce ta sa ta magana ba, tsoro ne, kuma duk tungar tana bayanta.

Ba ta kuma bar shi haka nan ba. Kullum ya dawo daga ruwa sai ta ɗora tukunya, ta gasa masa wurin da tsumma, ta shafa man kaɗe. Yana mita yana cewa ta ƙona shi, amma in ta makara shi ne mai cigiya. An kira wanzami ya kafa ƙaho, jini ya fito baƙi wuluk, kowa ya ce alhamdu lillahi an cire dattin. Tsagar ta warke, ƙullutu yana nan inda yake.

Haka aka yi shekaru. Ni da nake zuwa jefi-jefi na fi su ganin yadda yake ƙaruwa. Ya wuce goro ya kama hanyar ƙwan zabo, har ya ɗan ɗaga fatar kunnen sama. Ya kuma daina zamewa. In ka danna sai ka ji shi tauri, ya kafe wuri ɗaya. Na sake magana sau ɗaya ko biyu, aka mai da ita wasa, ni ma na gaji na bari.

Wata rana ƙanina ya kira ni a waya ya ce birgi na suɓuce wa Baba. Na ce ai tsufa ne. Ya ce a'a, in dai zo in gani.

Na iske shi yana alwalar azahar a ƙofar gida. Ya guntsi ruwa zai kurkure baki, sai ruwan ya biyo ta gefen dama ya jiƙa masa gemu da riga. Ya sake guntsa, ya sake zubowa. Ya yi tsaki ya dafe leɓen da yatsa. Da ya wanke fuska na lura idon dama ba ya rufuwa duka, sai farin ya rage a buɗe, hawaye na tsiyaya. Da ya ɗago ya gan ni ya yi murmushi, rabin fuskar kaɗai ta yi, ɗaya rabin tana tsaye. Na durƙusa na gaishe shi.

A tunga an riga an kasu biyu. Wasu sun ce iska ce ta shafe shi a kan ruwa, wasu sun ce shanyewar ɓarin jiki ce. Amma hannunsa da ƙafarsa garau, yana tuƙa jirgi shi kaɗai har tsakiyar tafki. Shi ya ce kumatun ne yake ji kamar ba nasa ba, wani lokaci kuma abu yana tsira masa zuwa cikin kunne. Kantar kuwa ba wanda ya ambace ta, don an daɗe da gama shari'arta.

Washegari na bi shi ruwa, ina riƙe masa jirgi. Haƙoransa na dama sun daɗe da zubewa, da leɓe yake damƙe gefen ragar. Ya tattara, ya sa a baki, ya murɗa ƙugu, kafin ya watsa darmar ta zame daga leɓen, raga ta zubo a ƙafafunsa. Ya sake, ta sake zubowa. Akwai wani jirgin samari kusa da mu, irin waɗanda yake nuna wa kanta. Sai suka juya mana baya suka shiga gyaran igiyar da ba abin da ya same ta. Na gode musu a raina, amma shi ya gani. Ya zauna a kan katako ya daɗe yana duban ruwa, sannan ya ce, "Ina likitan nan naka yake?"

Wannan karon Inna ba ta hana ba. Ta ƙulle masa kifin banda da fura, ta raka mu har inda ake hawan babur.

A asibitin Yelwa likita ya lalluba wurin, ya lalluba wuyan, ya leƙa cikin baki da tocila. Ya ce Baba ya ɗaga gira, ya runtse ido, ya cika kumatu da iska. Baba ya juyo gare ni ya ce halan wasan yara muka zo yi. Likitan bai yi dariya ba. Ya ce wannan ya fi ƙarfin nan, sai babban asibiti a Sakkwato. Can aka shafa masa wani abu mai sanyi aka ɗauki hoton wurin, aka sa shi cikin wata na'ura aka sake ɗauka, sannan aka soka siririyar allura cikin ƙullutun aka zuƙo ɗan abin da za a auna. Aka ce mu je mu dawo.

Da muka koma, wani likita mai furfura ya zaunar da mu. Ya ce a gaban kunne da ƙarƙashinsa akwai wani nama da ke yin yawu, a nan ƙari ya fito. Ya ce yawancin irin wannan ƙarin ba mugu ba ne, a hankali yake girma ba zafi, shi ya sa mutane ke raina shi. Amma wani mugu ne tun farko, wani kuma in ya daɗe yakan rikiɗe. Jijiyar da ke motsa fuska ta tsakiyar naman nan ta ratsa, kuma na Baba ya kama ta. Sannan ya faɗi sunan da nake tsoro tun a Yelwa, ya ce ciwon daji ne.

Na saci kallon Baba. Bai motsa ba. Abin da ya tambaya shi ne, "To birgin fa?"

Likita bai san birgi ba, sai da na kwatanta masa. Ya saurara da kyau, ya girgiza kai ya ce ba ruwan raga, wanda bai taɓa ganin tafki ba ma yana samunsa. Wallahi na ga wannan ta fi sunan ciwon dukan Baba. Shekaru yana nuna wa yara abin a matsayin shaidar aikinsa. Ya kai hannu ya taɓa wurin, ya sauke hannun a hankali ya ɗora a gwiwa. Tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi.

Can ya sake tambaya. "Da mun taho tun shina ƙarami awa goro?"

Likitan ya ce ba zai rantse ba, sani sai Allah, amma mai yiwuwa da aikin bai kai haka ba, da kuma an tsira da fuskar. Yanzu sai an cire har da jijiyar, bayan nan a ƙona wurin da na'ura. Ya ce duk da haka akwai abin yi, kada mu ƙara jinkiri.

Muka kamo hanyar gida daga Sakkwato. Ni kuwa ina ta shirya maganganun da zan faɗa wa abokinsa mai raɗa suna, da wanzami, da duk wanda ya yi mini dariya. Ba zan ɓoye ba, har da Inna a cikin lissafin. Sai da muka sauka a Wara muna jiran babur Baba ya kamo hannun rigata.

"Waccan magana ta ƙarshe, ta goro. Ni da kai munka ji ta. Innarku ba ta jin ta, ko bayan raina."

Na ce ai gaskiya ce, Baba.

"Na sani. Ni na iya ɗaukar ta. Ita ba ta iyawa."

An yi aikin bayan wasu makonni. Ya tashi, fuskar dai ba ta koma daidai ba, birgi kuma ya bar wa ƙannena. Amma duk lokacin da na tuna ciwon nan, ba asibiti nake fara gani ba, la'asar ɗin da muka iso gida daga Wara nake gani.

Inna tana bakin banda tana juya kifi, hayaƙi ya turnuƙe wurin. Ta gan mu ta miƙe, ba ta ko yi mana sannu da hanya ba. Baba ya zauna a kan turmi ya gaya mata za a yi aiki, ya faɗi sunan ciwon bai rage komai ba. Ta saurara tana murza bakin zanenta. Sannan ta tambayi abin da na san ya hana ta barci tun ranar da ruwa ya fara zubo masa daga baki.

"Malam, ranar da yaron ga yac ce a tahi, na hana. Da an tahi?"

"Na tambaya," in ji Baba, yana dafe da leɓensa don maganar ta fita sosai. "Likita ya ce duk ɗaya na. Irin wanga ko ranar da yah hito anka kai shi, haka za a yi."

Ba ta yarda da shi ba, ta san halin mijinta. Ta juyo ta kafe ni da jajayen idanun nan nata, ni da ban taɓa iya yi mata ƙarya ba tun ina yaro.

"Kai, ɗan boko. Kai ka jin Turanci. Haka yac ce?"

Duk maganganun da na ɗauko tun daga Sakkwato suna nan a bakina. Na dubi Baba, idon da ba ya rufuwa yana kaina.

Na ce, "Haka ya ce, Inna."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta sauke numfashi, ta zauna a ƙasa nan gefen banda ta rufe fuska da zane tana kuka. Baba ya ce in juya kifin kada ya ƙone.