Tukwanen da Aka Wanke

Shekaruna talatin a aikin tonon kayan tarihi, amma ranar da ba ta fita raina ita ce wata Litinin a wani ƙauye bayan Jiwa. A lokacin ina babban jami'in fili, ni ke fara zuwa duk inda aka kawo rahoto.

Wanda ya kawo rahoton wani tsohon katikis ne, mai koyar da addini a coci, Baba Ayuba. Suna haƙa harsashin faɗaɗa cocinsu a gindin wani tudu suka tarar da tukwane biyar, a ƙarƙashin yashi mai kauri cike da ƙumba irin ta kogi. An riga an ba wani kamfanin gidaje tudun, saura mako uku katafila ta shigo.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba: ba a tsayar da gini sai da rahoton da ya nuna shekarun wuri. Su kuwa shekarun ba a jikin tukunya ake samunsu ba. Gawayin da ke gefenta da ƙanzon da ya ƙone a cikinta ake ɗauka, a inda suke kwance, a kai ɗakin gwaji. Abin da kowa zai kira datti, shi ne shaidarmu.

Na je ranar Juma'a. Baba ya riƙe hannuna har bakin ramin, Littafin Farawa a hammatarsa.

"Ɗana, duba wannan yashi. Ƙumba a jikin tudu! Ruwan Tufana ne ya kawo shi. Mutanen zamanin Nuhu ne a nan."

Ni ma ɗan fasto ne, da labarin jirgin Nuhu aka raine ni. Amma ina da taurin kai irin na mai takarda. Na ce masa rafi ne ya taɓa bi ta nan. Ya buɗe sura ta bakwai, ni kuma na hau bayanin laka da yashi. Muka yi ta ja har rana ta sunkuya. Ina sauri na ce masa ranar Litinin zan dawo da daraktanmu, na shiga mota. Ban kewaye ramin da igiya ba, ban kuma yi wa kowa bayanin gawayi ba.

Ranar Litinin muka tarar da zumuntar matan cocin cikin anko suna waƙa. Shugabarsu, Mama Ladi, ta tarbe mu da fara'a.

"Oga, sannu da zuwa! Babban baƙo ba zai ga kayanmu da datti ba. Jiya bayan sujada muka cire su, muka wanke da toka da soso. Ramin ma mun share."

Ga tukwanen nan jere a kan tebur da farin ƙyalle, sai sheƙi suke yi. Darakta ya leƙa ramin, ya dube ni, ya ce, "Babu abin da za mu rubuta." Ya koma mota.

Ni aka bari na yi wa mutane bayani. Mama Ladi ta zauna a ƙasa tana kallon hannuwanta. Baba ya tambaye ni a hankali:

"Da ba a wanke ba, gawayin zai ce na Nuhu ne?"

"A'a, Baba. Bisa ƙirar tukwanen, ina zaton na kakanninku ne."

"Kakannina," ya maimaita. "Nuhu yana cikin Littafi, babu mai rushe shi. Su kuma nan kaɗai suke."

Katafila ta shigo a ranar da aka sa. Ban je ba, ban iya ba.

Matan nan ba su yi laifi ba, mutunci suka yi mana. Laifin nawa ne. Shi ya sa nake gaya wa kowane sabon ma'aikaci: in ka isa wuri, fara ɗaura igiya, ka tara maza da mata ka nuna musu abin da ba a taɓawa. Gardamar Nassi za ta jira ka. Ni na ɓata yini guda ina son tsoho ya yarda na fi shi sani, ya rasa tudun kakanninsa a kan maganar da ba za ta ɗauke ni minti biyar ba.