Ranar da Aka Zo Neman Yaya Habu

Ranar Talata ce, cikin damina. An kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi. Ƙarfe shida da rabi ina tsakar gida ina dama koko, Inna tana tsince wake a ƙofar ɗakinta. Yayana Habu ya fito riƙe da takalmansa yana mitar laka. Malamin Hausa ne a sakandaren garinmu, Kurmin Tsamiya, amma malamin wasa kowa yake ce masa, don shi ke rubuta wasannin kwaikwayon da ɗalibai suke yi.

Mako uku kafin nan an yi wani wasansa a filin makaranta. Labarin wani mutum ne da yake wuni a majalisa yana sauraro, da yamma ya kira 'yan bindiga a waya ya kwashe komai ya faɗa musu. Jama'a sun yi dariya har da riƙe ciki. Wasu kuwa ba su yi ba. Inna ta roƙe shi ya tafi birni ya kwana biyu. Ya ce jarrabawa ta matso.

Ƙarfe bakwai da kwata ya sha koko ya fita.

Tara saura muka ji babura. Ƙarar ta taso daga gabas, ta hanyar rafi, kamar an tayar da injinan niƙa da yawa a lokaci guda. Kaji suka watse. Sai harbi guda ɗaya. Sai shiru. Sannan ya ɓarke ta ko'ina.

"Ku kwanta! Kowa ya kwanta!"

Na ja Inna cikin ɗaki. Muka kwanta a ƙasa, kumatuna a kan siminti. Ina jin bugun zuciyarta a kafaɗata.

Tara da rabi Yaya Habu ya diro ta katanga, rigarsa duk laka, takalmi ɗaya a ƙafarsa. Ya ce ya fitar da ɗalibai ta bayan makaranta, sun shiga dawa. Ya ce sunansa ake kira a layi. Ba zai zauna a gida ba, nan za su fara zuwa. Zai shiga gidan Isiya, abokinsa tun suna yara, wanda ƙofarsa ke kallon tamu. Ƙanin Isiya yana daji tare da 'yan bindigar. Kowa ya sani, ba mai faɗa. Yaya ya ce ba za su taɓa wannan gidan ba.

Ƙarfe goma suka ɓalle ƙofarmu. Su huɗu ne, fuskokinsu a naɗe.

"Ina malamin wasa?"

Inna ta ce ya tafi makaranta. Ɗayansu ya daki kafaɗarta da gindin bindiga, na ji ƙarar ƙashi. Suka birkice ɗakuna. Suka watsa fetur a ɗakin Yaya, suka cinna wuta, suka fita.

Na rarrafa zuwa zaure na sa ido a hudar ƙyaure. Sha ɗaya saura babura uku suka tsaya a ƙofar Isiya. Ban san wanda ya nuna musu ba, har yau. Isiya ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, ya ware hannuwa.

"Matsa!"

Bai matsa ba. Aka ɗora masa bakin bindiga a goshi. Sai ga Yaya Habu ya fito da kansa, ya dafa kafaɗar Isiya ya ture shi gefe. Suka ɗaure masa hannuwa ta baya da igiyar roba, suka ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu. Bai kalli gidanmu ba. Ko sau ɗaya. Da ya kalla, da na fita.

Ƙarfe sha biyu harbi ya lafa. Na ɗaure hannun Inna da ɗankwalina, muka bi ta bayan gida. Ba mu ɗauki komai ba. A bakin rijiya mun tsallake mutum biyu a kwance. Na san su duka. Ban tsaya ba.

Muka shiga dawa muka yi yamma. Ganye yana yankar fuska. Gaba da baya akwai mutane, amma ba mai magana, sai ƙarar ƙafa a laka. Da azahar muka iso wani kwari da ruwa ya cika. Ya kai mini ƙirji. Na goya Inna na tsallaka, tana nishi a kunnena tana kiran sunan Yaya a hankali. La'asar sakaliya muka fito kwalta. Wani mai motar albasa ya tsaya ya kwashe mu. Kafin magariba muna birni, a gidan ƙanwar Inna.

Bayan kwana huɗu Isiya ya zo. Ya durƙusa a gaban Inna, ya kasa ɗaga kai. Ya ce ranar da abin ya faru, wajen ƙarfe biyu, an ji harbi uku a hayin rafi. Sun je su bakwai sun duba kwana biyu. Ba su ga kowa ba. Ba a kira mu a waya ba, ba a aiko da saƙo ba. Da shekara ta zagayo liman ya yi masa salla babu gawa.

Shekara shida bayan haka na samu gurbin karatun digiri na biyu a fannin adabi a Doha. Ina zaune a unguwar Al-Sadd, ɗaki ɗaya da wata 'yar Sudan. Ban taɓa ba ta wannan labari ba. Ban ba kowa ba.

A zango na biyu malamarmu, wata dattijuwar farfesa, ta raba mana aiki. Nawa shi ne zamanin da wani marubucin wasan kwaikwayo ɗan Sifaniya ya rayu a ciki. Na zauna a laburare ina karantawa. Ƙasarsu ta rabu biyu. Sojoji sun yi wa gwamnati tawaye, yaƙin basasa ya ɓarke, maƙwabci yana miƙa sunan maƙwabci. Marubucin ya baro babban birni ya koma garinsu, yana ganin can ya fi. Da aka fara nemansa ya ɓuya a gidan abokinsa, wanda danginsa suke tare da masu kamen. Da rana tsaka aka zo aka tafi da shi. An harbe shi a bayan gari. Har yau ba a gano kabarinsa ba.

Na rufe littafin na fita cikin zafin rana. Na zauna a tashar bas. Bas biyu suka wuce ban shiga ba.

Ranar gabatarwa, da na iso wajen maganar gidan abokin, muryata ta ɗauke.

"Yalla, Rabi, ci gaba," in ji farfesa.

Na ci gaba har ƙarshe. Da kowa ya fita na tsaya na faɗa mata komai. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta cire gilashinta. Ta ce shi ɗan Sifaniyan ana yin wasanninsa har gobe, a harsuna da yawa. Ta ce in kawo mata na yayana, za ta nemi a buga su.

Wasa bakwai Yaya Habu ya rubuta, duk da biro, a littattafan makaranta. Suna cikin akwati a ƙarƙashin gadonsa ranar da aka cinna wa ɗakin wuta. Ɗaya kawai na taɓa fitowa a ciki, ina aji uku, na fito a matar gida, shi ya fito a mijin. Na zauna na rubuta mata abin da na tuna. Shafi biyu ne da rabi. Duk maganar matar ce. Inda mijin zai amsa, na bar layi babu komai.