Mutum na Goma a Kabarin Nissim

Babu gidan Yahudawa a Rangun, babban birnin ƙasar Bama, da bai ci girkin Farha ba. Ita ke dafa kazar Asabar da shinkafa, wadda ake bari a kan garwashi tun yammacin Juma'a don ba a hura wuta ran Asabar, ita ke soya dankalin biki har ya yi ɓawo. Matan attajirai da ba su yarda da tukunyar 'yan'uwansu na jini ba sun yarda da tata, domin a ɗakin girkinta kayan nama daban, na madara daban, yadda addini ya ce, ko cokali bai taɓa ƙetare iyaka ba. Shekara da shekaru suna lashe yatsu, amma da ta juya baya sai ka ji an ce "'yar Baman nan".

'Yar Bama ce kuwa, ba a Bayahudiya aka haife ta ba, ba ta kuma taɓa musu ba. Hla Yin iyayenta suka raɗa mata. Nissim mai gyaran agogo ya gan ta tana tallar mangwaro a bakin shagonsa, ya ce in ba ita ba sai rijiya. Wani malami da ya zo daga Kalkata ya karantar da ita, ya sa aka yi mata wankan shiga addini, aka sa mata suna Farha. Ta riƙe addinin gam, fiye da waɗanda aka haifa a ciki, abin da ya fi ƙona musu rai ke nan.

Ɗa ɗaya Allah ya ba su, Heskel. Da ya cika shekara goma sha uku, uban ya ɗinka masa sabon kwat, ya kai shi majami'a don a kira shi ya karanta Attaura a gaban jama'a, a san ya shiga sahun maza. Farha na sama a benen mata, hannunta cike da alewar da ake watsa wa yaro in ya gama. Yana taka matakalar farko sai Menashe, shugaban majami'a, mai kantin yadi, wanda kullum da sigari a bakinsa, ya gitta masa sanda.

"Ina zuwa? Ɗan 'yar Bama ba ya hawa nan. Wankan da ake ta faɗa, wa ya gani? Ni dai ban gani ba."

Malamanmu sun ce wanda ya kunyata ɗan'uwansa a bainar jama'a tamkar ya zubar da jininsa ne, don jinin yakan gudu daga fuska. Farha ba ta buƙaci a karanta mata wannan ba, daga sama ta ga fuskar mijinta ta yi fari fat. Maza cike da majami'a, kowa ya tusa kai cikin littafinsa kamar yau ya fara ganin baƙi. Nissim bai sake taka wurin ba har ya mutu. Ranar binne shi kuma, da Heskel ya buɗe baki zai yi Kaddish, addu'ar da ɗa ke yi wa uba, wadda ba ta yiwuwa sai da maza goma, Menashe ya ce a ba wani ya yi.

Sai zamani ya juya. Sojoji suka karɓi mulki, suka karɓe shaguna, mutanenmu suka yi ta ɗaure kaya, wasu Isra'ila, wasu Landan. Tantabaru suka fi masu ibada yawa a majami'a. Menashe ya tsufa, sigari ta kashe masa harshe har ba ya bambanta zuma da maɗaci, kuma ya shiga ganin Nissim a mafarki. Tsoro ne ya kama shi, ba nadama ba.

Azumin Kippur yana wanke abin da ke tsakanin mutum da Allah, amma wanda ka zalunta sai ka je ka roƙe shi da bakinka. In ya riga ka kwanta dama, sai a tara maza goma a kabarinsa, ka tsaya ba takalmi, ka faɗi laifinka, su amsa cewa an yafe. Menashe ya ƙirga mazan da suka rage a Rangun, har da shi kansa, har da tsoho Sasson kurma. Tara.

Farha na figar kaza sai ga shi a ƙofar ɗakin girki, yana ƙamshin turare.

"Farha, 'yar'uwa, sannu da aiki."

Tunda take bai taɓa kiranta da wannan sunan ba. Ba ta ɗaga kai ba.

"Ranka ya daɗe, ɓatan kai ka yi? Yau 'yar Bama ce 'yar'uwa?"

"Haba, abin da ya wuce ai ya wuce. Heskel nake nema. Gobe da safe, jajiberen azumi, a maƙabarta. Mutum ɗaya ya rage mana."

"Au, ya zama mutum? Yaushe aka yi wankan? Ka gani da idonka?"

"Ke dai bakinki sai ke!" Ya yi wata dariya mai kama da tari, ya dafa mata kafaɗa. Ji ta yi kamar ƙadangare ya faɗo mata a jiki. Yana fita ta wanke kujerar da ya zauna da ruwan zafi.

Heskel yanzu magidanci ne har da furfura a gemu, yana gyaran agogo a kan teburin uban, da zuciya mai taushi irin ta uban.

"Inna, zan je."

"Ka je ka yi me? Ka zama ƙwaryar cika mudu?"

"In goma suka cika zan yi wa Baba Kaddish. Shekara nawa ina ɗauke da ita a baki?"

Ta sha jin sa yana bitar addu'ar ƙasa-ƙasa a kan agogunan mutane, yana tsayawa a wuraren da ya kamata a ce masa amin.

"To ka ji ni da kyau. Addu'arka tukuna, kafin tasa. Ko zai faɗi matacce, taka tukuna."

Gari ya waye da yayyafi. Ciyawa ta rufe rabin kaburbura, kwaɗi na ta kuka. Farha ta tsaya a bakin ƙofa da laimarta, inda mata ke tsayawa, tana hango komai. Menashe ya cire takalmi amma ya bar safa, direbansa ya shimfiɗa masa jarida a kan laka.

"Baba Menashe, in fara?" in ji Heskel.

"Haba ɗana, dubi ƙafata a ruwa, ga ni tsoho. Bari in yi tawa, minti nawa ne? Sai ka yi."

Heskel ya dubi safar da ta jiƙe, ya ja da baya. Farha ta ciji leɓe har ta ji jini.

"Na yi wa Allahn Isra'ila laifi, na yi wa wannan Nissim laifi," in ji Menashe, da sauri kamar mai karanta farashin yadi. Wane laifi? Bai faɗa ba, babu kuma wanda ya tambaya. Suka amsa sau uku an yafe maka, muryar Heskel ta fi ta kowa fita.

Sannan Heskel ya matso kan kabarin, ya gyara tsayuwa, ya ja numfashi. Ko da ya waiwaya, tuni direba ya durƙusa yana ɗaure wa Menashe takalmi.

"Baba Menashe, saura Kaddish."

"Wannan daban ne, ɗana. Tawa shaidu kawai take buƙata. Taka kuwa sai goman da babu shakka a kansu. Kar mu yi wasa da sunan Allah a jajiberen azumi."

Ya kama hanya. Sauran suka duƙar da kai, irin duƙawar nan dai ta da can. Tsoho Sasson ya ɗaga murya ya ce, "An gama ne?" Heskel ya daɗe a tsaye, leɓɓansa na motsi babu sauti, daga bisani ya ɗauki 'yar tsakuwa ya ɗora a kan kabarin.

A bakin ƙofa Menashe ya tsaya, fuskarsa fayau kamar wanda ya fito daga wanka.

"Hla Yin, kazar za ta iso kafin rana ta faɗi ko? Ki rage gishiri. Kin san daga yau sai gobe da dare za a sha ruwa."

A gida Heskel ya shige shago ya ja ƙofa. Ita kuwa ta hura wuta, ta dafa kazar da shinkafa yadda Menashe ke so, ta yi laushi luguf. Ta ɗebi gishiri cike da hannu ta zuba, ta juya, ta ɗanɗana, ta tofar. Ta ƙara wani. Direba ya zo ya ɗauka, ya dawo da tukunya a suɗe.

Da yamma ta yi wanka, ta sa fararen kayan azumi, ta tafi majami'a. Ta hau benen mata ita kaɗai, ta zauna a kujerar gaba, daidai inda za ta riƙa ganin maƙogwaron Menashe.