Ranar da Baba Ya Duba Motarmu da Hannu

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata, wasu ko an tuna mini sai na yi ta lalube, amma ranar da surukina ya shiga motarmu ta farko, wannan kam ko tsufa ya rikita ni ba na jin za ta fita daga kaina.

A lokacin garin nan namu na Suleja sunansa Abuja, ba a kai ga ɗauke sunan a ba sabon birni ba. Muna zaune a gidajen ma'aikata, maigidana yana aiki a ofishin gona, ni kuma ina da goyon fari. Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan ce, kowa ya haukace da sayayya, wannan babur, wancan rediyo. Shi kuwa Malam, haka nake kiran maigidan, ya ce shi mota zai saya ko ana ha-maza ha-mata. Ya kuwa samo wata shuɗiya, ta hannu, wurin wani malamin sakandare ɗan Indiya da zai koma ƙasarsu.

Ba son a sani ne ya kai shi ba. Mahaifinsa yana zaune a Garam, idonsa ya mutu tun kafin aurenmu. Tsoho ne mai barkwanci, duk ranar da Malam ya je gaishe shi a keke sai ya ce, "Har yanzu dokin ƙarfen ne? Ni dai Allah ya sa in shiga motarka kafin a ɗauke ni a makara." Kowa ya yi dariya, amma ni na san maganar tana cin Malam a rai. Kuma a wurinmu ba a fara morar sabon abu sai iyaye sun sa masa albarka. Saboda haka ranar da motar ta shigo gida ya aika Garam cewa Juma'a mai zuwa zai zo ya ɗauko Baba ya yi salla a babban masallacin gari.

Daga nan fa Malam ya zama ɗan wankin mota. Ya wanke, ya goge, ya sake wankewa, har kana iya ganin haƙoranka a jikin ƙofa. Ni kuma da yamma na lallaɓa na shiga gaba na hakimce, in ɗanɗana zaman matan manya. Ina ɗora hannu a kan allon nan na gaban mota, wanda direbobi ke kira dashbod, sai na ji tafina ya manne. Na ja, ya taso da wani baƙin danƙo. Ashe ɗan Indiyan nan a rana yake ajiye motar shekara da shekaru, robar ta narke, ta kuma tsattsage kamar ƙafar mai faso.

Na kira Malam na nuna masa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ai wannan ba komai. Wa zai tsaya kallon nan, ga fenti yana walƙiya?"

Na ce, "Malam, wa za ka ɗauko ranar Juma'a?"

Ya ce, "Baba mana."

Na ce, "To shi Baba da me yake kallo?"

Wallahi tsumman da ke hannunsa sai da ya faɗi ƙasa. Duk wanda ya san Baba ya san ba a miƙa masa abu bai shafa shi ciki da waje ba, ko goro ne. Kuma in zai yi addu'a a kan abu, tafukansa biyu yake ɗorawa. Ke nan abin da tsohon nan zai fara sani game da motar ɗansa shi ne danƙo.

Washegari Malam ya ɗebo kalanzir daga fitilata, ya ce shi ne maganin kowane danƙo. Ya jiƙa tsumma ya dirje. Danƙon ya ƙara laushi, motar kuma ta koma warin risho. Muna tsaye cirko-cirko sai ga maƙwabciyata, mutuniyar Kagoro, matar wani malamin firamare, mace mai kirki da saurin ba da shawara. Ta leƙa ta ce, "Haba Amarya, ba ku da man kaɗe ne? Ai abin da ya bushe ya tsage, mai yake so." Mu ma da yake ido ya rufe, muka lafta masa man kaɗe kamar muna shafe jariri. Ya yi sheƙi kuwa, har muka tafa. Da rana ta take, man ya narke ya bi tsagogin nan, kafin la'asar tururuwan unguwar kaf sun yi layi sun shiga mota. Malam ya dafe kai yana salati, ni da maƙwabciyata kuwa dariya har da riƙe ciki. Ya harare mu ya ce, "Ku yi ta yi, ba ubanku za a ɗauko ba."

Wannan magana ce ta tsayar mini da dariyar, don na ga idonsa ya kawo ruwa. Na ce masa ya ba ni motar ranar Alhamis, kada ya tambaye ni komai. Ni 'yar dukawa ce, a gidanmu ko mace ta san riƙon basilla, allurar ɗinkin fata. Na aike shi kasuwa ya sayo jar fatar akuya mai laushi, ya biya wurin mai faci ya karɓo gam.

Da sassafe muka tura motar ƙarƙashin mangwaro. Na ɗauki sakaina na yi ta kankare danƙon nan a hankali, maƙwabciyata tana bi da ruwan ɗumi da sabulun salo. Muka sake bi da ruwan toka don ya cinye maiƙon, sannan lemun tsami don ya kashe warin kalanzir. Da ya bushe na cusa auduga da gam a tsagogin har suka daidaita. Na shimfiɗa takardar buhun siminti na fitar da siffar wurin, na yanka fatar a kanta, na bar wa agogunan mota gurbinsu. Saura kalmasa baki da ɗinki. Ina cikin yi Malam ya dawo daga ofis, ya ce shi ma sai ya sa hannu, ai motarsa ce, ubansa ne. Na ce, "Malam, basilla ba biro ba ce." Ya nace. Na bar masa gefen hagu, ya yi ta fama yana soke yatsa yana tsaki, ɗinkin yana tafiya kamar sawun kaza. Kafin magariba muka manna fatar, muka danne ta da buhunan gero ƙanana don ta kama.

Da gari ya waye muka ɗage buhunan. Kai, abin ya yi kyau! Sumul, ja wur, ba inda ke kama hannu. Malam ya yi ta shafawa yana murmushi, sannan ya juyo ya ja mini kunne: "Kada wanda ya gaya wa Baba. Haka ta zo daga kamfani."

Muka isa Garam da hantsi, ni ina baya da goyona. Mutanen gari suka yanyame motar. Aka fito da Baba cikin farar riga, kowa yana rige-rigen ba shi labari. "Baba, shuɗiya ce!" "Baba, tana ɗaukar ido!" Shi dai sai "To, to, madalla" yake cewa. Malam ya zaunar da shi a gaba. Tsohon ya yi bisimilla, ya miƙa tafukansa biyu ya ɗora a kan fatar.

Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska. Ya shafa daga dama zuwa hagu, ya dawo, sannan ya sunkuya ya shinshina.

Ya ce, "Ikon Allah. Ashe Turawa ma da bagaruwa suke jimar fata?"

Malam ya fara in-ina. Baba ya ɗaga masa hannu, ya bi ɗinkin da ɗan yatsa. Ya ce, "Nan hannun 'yar dukawa ne, 'yata ce ta yi." Ya matsa hagu, ya tsaya. "Nan kuma wani ne ya ɗinka da ƙafa."

Jama'a suka fashe da dariya, Malam ma ya rasa abin yi sai ya bi su. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ba Baba labarin komai, har da kalanzir da tururuwa. Na zaci tsohon zai ci gaba da tsokana, sai na ga hawaye yana bin gemunsa, hannunsa bai bar kan karkataccen ɗinkin nan ba.

Ya ce, "Tun da idona ya tafi, kowa labarin abu yake ba ni, in ce madalla. Yau ne aka yi abu domin hannuna." Ya juyo wajen da yake jin motsin goyona ya ce, "'Yata, Allah ya yi miki albarka. Kai kuma, Allah ya ba ka ɗan da zai soke yatsa dominka." Sannan ya yi wa motar addu'a mai tsawo, muna ta amin, ni ina kuka a cikin mayafi ba kunyar kowa. Daga Garam har ƙofar masallaci hannunsa yana kan fatar nan, yana ta ba Malam umarnin ya rage gudu.

Mun yi motoci bayan wannan, waɗanda suka fi ta komai, amma ban taɓa jin daɗin wata kamarta ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne, in za ka faranta wa mutum, kada ka tsaya gyara inda kai kake kallo. Ka fara tambayar kanka ta ina shi abin zai iso masa, sai ka zuba ƙoƙarinka a can, ko da ɗinkinka zai karkace.