Nu'uman Lamba Uku da Ɗan Wasan da Ya Samo a Ruga

A garin Batsari, in baƙo ya tambayi inda Nu'uman mai faci yake, sai mutane su tsaya suna kallon juna. Amma da ya ce Lamba Uku, ko tsohuwa mai tuyar ƙosai za ta nuna masa gindin bishiyar bedin da ke bakin tasha, inda tsofaffin tayoyi suke jibge.

A Darini aka haife shi, ɗan manomin gyaɗa. Bahago ne, saboda haka tun yana firamare malamin wasanni ya ajiye shi a baya ta hannun hagu, wurin da masu ƙwallo ke kira lamba uku. Shi dai ya ce a duk shekarun da ya yi yana bugawa ba takalmi, ba wanda ya taɓa wuce shi. Salmanu, mutumin Safana mai sayar da kayan babur a shagon da ke kusa da shi, ya ce ƙarya ne, shi da kansa ya wuce shi sau huɗu a wasa ɗaya, ranar da makarantunsu suka haɗu. Shekara talatin da ɗoriya ke nan ba su gama wannan shari'a ba.

Da zaman ƙauye ya gagara saboda 'yan bindiga, Nu'uman ya kwaso matarsa Zuwairatu da 'ya'yansu suka dawo cikin gari. Ya koyi faci da girmansa, surukinsa kuma ya ba shi aron gona a Karare, yana zuwa in an samu lafawa. Ya bar gida, ya bar rumbuna, ya bar kabarin mahaifinsa. Abin da bai bari ba shi ne rediyonsa da ƙungiyar Damisar Arewa, wadda ke buga gasar ƙwararru a birnin Katsina.

Kakar wasa takan ƙare ne daidai faɗuwar damina, a buɗe kasuwar 'yan wasa. Daga nan gindin bedi ya zama ofis. Salmanu ya ce abin da Damisa take buƙata shi ne mai cin ƙwallo, lamba tara mai tsawo. Armaya'u mai shayi ya ce a kori koci kowa ya huta. Nu'uman sai ya bari su gama, ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana fili, ya jera notina goma sha ɗaya.

"Ku duba nan," in ji shi, ya ɗauke noti ɗaya daga hagu. "Wannan ramin kuke gani? Ta nan ake shigo mana. Ku sayo lamba tara goma in kun ga dama. Mu dai ba mu da lamba uku."

Wata rana wani ɗan acaɓa ya kusa awa guda yana jiran a haɗa masa ƙafar babur. Da aka zo ɗaurewa aka rasa notinsa. Ashe yana ƙasa, yana buga tsakiya. Nu'uman ya ce ya ɗan ƙara haƙuri, saura hari ɗaya.

Duk Asabar yakan buga waya shirin wasanni na rediyo. Mai gabatarwa ya san muryarsa har ya daina bari ya gama sallama. "Malam Nu'uman daga Batsari, mun ji, lamba uku. Allah ya bar zumunci." Sai a kashe layi.

A gida ma haka. Da ruwan farko ya sauka Zuwairatu ta ce, "Baban Fiddausi, ɗakin nan na hagu yana yoyo."

"Kin gani ko?" in ji shi. "Ko'ina aka duba, matsalar ta hagu ce."

Ta ɗora masa bokiti a hannu ta wuce.

A daminar da zancen nan ya faru, Damisa ta tsira da ƙyar daga faɗawa ƙaramar gasa, kuma Nu'uman ya rantse kusan duk ƙwallayen da aka zura mata ta hagu suka biyo. Wata safiya yana noma a Karare sai ya ji kururuwa. Wani bijimi ne ya ɓalle daga garke ya nufo gonar gero. Kafin Nu'uman ya miƙe, wani dogon saurayi ya fito daga cikin sabara a guje ya sha gabansa. Bijimin ya yi dama, saurayin yana nan. Ya yi kamar zai koma ya karkato hagu, saurayin ya riga shi. Sau uku suna haka. A na huɗu saurayin ya sa ƙafar hagu ya doki wani busasshen duma, ya tashi ya faɗi daidai gaban hancin bijimin. Bijimi ya juya ya koma garke kamar an aike shi.

Fartanya ta faɗi daga hannun Nu'uman bai sani ba.

Ya tambaya aka ce masa ai Jinjiri ne, ɗan Malam Mani, wanda rugarsu ta daɗe a gefen garin, suna noma suna kiwo. An haife shi ɗan mitsitsi shi ya sa sunan ya bi shi, ga shi yanzu da gemu da mata da 'ya'ya biyu, ƙofar ɗaki sai ya sunkuya.

A shekarun nan ba kowa ke ɗaukar ƙafa ya tafi ruga haka kawai ba, mutanen ruga ma in sun hango baƙo gabansu faɗuwa yake yi. Da Nu'uman ya ce zai je, Salmanu ya ce masa ya yi tunani. Zuwairatu ta ce ko dai rana ce ta buge shi. Shi kuwa ba abin da ke idonsa sai waccan ƙafar hagu. Washegari ya sa rigarsa ta Juma'a, ya sayi goro ya tafi.

Malam Mani ya shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Suka gaisa: ya gida, ya iyali, ya shanu, ya ruwa, ya jin tsoro. Aka sake zagayowa. Tsohon dai jikinsa ya yi sanyi, don a saninsa manomi ba ya zuwa da sassafe sai da ƙara.

"Malam, faɗa mini kawai," in ji shi. "Ɓarnar mai yawa ce?"

"Baba, ɓarna kam an yi ta. Shekara goma sha ɗaya ana yi mana."

Tsohon ya dafe ƙirji. "Shanuna?"

"A'a, Baba, 'yan gaban wasu ƙungiyoyi. Ɗanka nake roƙo."

Sai da aka sha fura aka yi azahar kafin Malam Mani ya gane ba gona ake magana ba, ba kuma aure ba. Da ya gane, ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce a kira Jinjiri ya ji da kunnensa. Jinjiri ya durƙusa ya saurara. Bai taɓa kallon wasa daga farko zuwa ƙarshe ba. Amma da ya ji ƙungiyar za ta yi gwajin sababbin 'yan wasa a Katsina nan da mako biyu, ya ce zai je, dama yana son sayen maganin hanta na shanu, an ce na birni ya fi kyau.

Mako biyun nan, kullum da la'asar ana horo a filin bayan tasha. Darasin da Nu'uman yake ba Jinjiri guda ɗaya ne. "Mutumin da aka ba ka, kada ya wuce. Inda ya sa ƙafa ka sa." Salmanu ya ce shi zai zama ɗan gaba, don ya nuna wa kowa yadda ake yanka. Ya naɗe wando, ya turo ƙwallo da tumbinsa a gaba. Jinjiri bai ko taɓa shi ba, ya dinga tare shi yana karkata shi har sai da ya kai shi cikin kwatami. Daga ranar Salmanu ya koma alƙalin wasa.

Ranar gwaji suka shiga motar farko. Filin cike yake da samari, kowa da rigar wani shahararre a bayansa. Wani mai littafi a bakin ƙofa ya dubi Jinjiri daga sama har ƙasa.

"Suna?"

"Jinjiri."

Mai littafin ya sake ɗaga kai ya dube shi. "Wace ƙungiya ka bugawa?"

"Ƙungiyar daji ce," in ji Nu'uman da sauri. "Ba ta da rajista."

Aka raba su gida biyu, aka sa Jinjiri a hagu, aka haɗa shi da wani yaron birni mai kitso a ka, wanda aka ce gudunsa ba a magana. Takalmin aro ya matse Jinjiri, minti biyar ya cire ya jera su a bakin layi. Mai kitso ya taho da ƙwallo. Jinjiri ya buɗe hannuwa, ya yi wani tsaki irin na makiyaya, ya ce, "Hai!" Yaron ya yi dama, ya yi hagu, bai ankara ba ya ga kansa a jikin tutar kwana, ba gaba ba baya. Sau biyar ana haka. Koci, wani mai furfura da usur a wuya, ya taso daga kujerarsa ya matso bakin fili. Nu'uman ya ji ƙwalla ta cika masa ido. Ya kama hannun wani da bai sani ba yana cewa, "Nawa ne! Ni na kawo shi!"

Sai ƙwallo ta gangaro gaban Jinjiri, ba kowa kusa. Ya dube ta, ya tsallake ta ya bi mai kitso.

"Ƙwallo! Buga ƙwallon!" Nu'uman ya ƙwala ihu.

"Baffa, ai mutum ka ce in tsare!"

Can mai kitso ya gaji, koci ya yi masa alama ya fito ya huta. Ya fita ya nufi inda ake ajiye ruwa. Jinjiri ya bi shi har wajen fili, ya sha gabansa, ya koro shi ya dawo da shi ciki, robar ruwa a hannunsa. Filin ya kaure da dariya. Alƙalin wasa ya so busa usur, dariya ta hana shi.

Da aka tashi koci ya kira su gefe. Ya ce shekara ashirin yana wannan aiki bai ga mai karanta ƙafar mutum kamar wannan ba. Ƙwallo dai bai san ta ba, amma ana koya. Ya ce ya dawo ran Litinin ya zauna a sansani wata guda, a gani.

Nu'uman ya shiga zuba godiya. Jinjiri kuwa ya tsuguna yana shafa ciyawar filin.

"Ranka ya daɗe, wannan ciyawar wa ke ci?"

"Ba kowa. Ruwa muke ba ta, in ta yi tsawo a aske."

"A kai wa dabbobi?"

"A zubar."

Jinjiri ya miƙe a hankali ya karkaɗe hannunsa. "Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe. Ina da saniya mai ciki, ga gero ya isa maimai. Kuma gaskiya inda ake yi wa ciyawa haka, zuciyata ba za ta zauna ba."

Nu'uman ya roƙa, ya lallasa, ya kira shi ɗana, ya kira shi da sunan mahaifinsa. Jinjiri ya saurara da ladabi, kansa a ƙasa, sannan ya tambayi inda ake sayar da maganin dabbobi.

Suka koma Batsari. Kwana uku Nu'uman yana faci ba zane a ƙasa. Asabar ta zo bai buga waya ba, har mai gabatarwa ya yi cigiya a rediyo ko lafiya. Zuwairatu ta ga abin ya yi yawa, ta yi masa dambu da zogale ta ajiye a gabansa.

"Baban Fiddausi, ka ce akwai irin mutumin da kake faɗa, aka yi ta yi maka dariya. Ka je ka nemo shi, kocin da kansa ya taso daga kujera. To me kuma ya rage? Ci abinci."

Ya ce, "Ya taso fa. Da idona na gani." Ya jawo kwanon.

Kafin a buɗe sabuwar kaka ƙungiyar ta sayo wani ɗan baya daga kudu. Nu'uman ya ce ba laifi, amma bijimi zai wuce shi. Abin da ba wanda ya zata shi ne, mutanen rugar Malam Mani suka mai da gindin bedi wurin facinsu, duk ranar kasuwa baburansu a jere. Jinjiri yakan zo da ƙwaryar nono daga mahaifiyarsa, ya zauna a kan taya yana jin musu, ba ya sa baki.

Da aka fara gasa, wata Lahadi da rana aka nuna wasan Damisa a gidan kallo, Nu'uman ya ja Jinjiri suka shiga. Aka tashi ba ci. A waje majalisa ta kewaye Jinjiri, Armaya'u ya ce to, tunda shi kaɗai ne a cikinsu koci ya taɓa yi wa tayi, ya faɗi abin da ke damun ƙungiyar.

Jinjiri ya daɗe yana murza gemu.

"Na duba su ɗaya bayan ɗaya," in ji shi. "Ƙafafunsu lafiya lau. Amma dubi wuyansu, dubi haƙarƙarinsu. Mutanen nan ba a kiwata su da kyau. Da nawa ne, da na fara ba su maganin tsutsa."

Salmanu ya ce wannan zancen banza ne. Armaya'u ya ce a'a, a tsaya a duba, shi ma ya lura golan ya rame. Nu'uman ya riga ya tsuguna yana share ƙasa, yana tambayar wa ke da noti a aljihu. Suna nan a kai har ladan ya kira magariba.