Mai Shayar da Ciyawa

A lambun da 'yan Habasha suka kafa bayan gidanmu a unguwar International City ta Dubai, akwai wata siririyar mata mai zanen gicciye a goshi. Ina zaton aikatau take yi. Kullum tana tarar ruwan da ke ɗiga daga iyakwandishan ta shayar da ciyawa. Ciyawa zalla! Ni akawu mai son tsari, wata rana na ɗauko fartanya zan taimaka in nome.

"La, la, Alhaji!" ta ce, ta tare da jikinta.

Yau ga ta tana yanka ciyawar, tana shimfiɗawa, tana ɗora gahawa. Ashe haka ake karɓar baƙo a garinsu. Ga ni baƙonta, zaune kan abin da na so kashewa, har ina neman ƙarin gahawa.