Inna Ba Ta Faɗin Sunana

Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ƙannena uku duk tana kiransu da sunayensu, har da na wasa. Ni kuwa "ke" ce. Idan magana ta zama dole a gaban mutane, sai ta ce "waccan", ko "ƴar Kaka". Ni ce ƴar fari, kuma a gidanmu, kamar gidaje da yawa a Gure, uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta yi masa wasa a idon jama'a. Ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. Kamar rairayin da ke shigar mana takalmi ne, da shi muka tashi.

Shekarar da nake aji shida a lakwal, wato makarantar boko, aka kawo mana sabuwar malama. Madam muke ce mata. A Yamai aka haife ta, amma iyayenta mutanen bakin teku ne, daga wajen Kwatano, kuma Gure ne wurin aikinta na farko. Da takalma masu tsini ta zo. Kwana uku rairayi yana haɗiye mata dunduniya, a na huɗu ta sayi silifa. Tana jin Hausa sarai, sai dai gaisuwarta gajera ce, a tsaye, kamar wadda mota za ta tashi ta bari.

A benci na biyu nake zama, kusa da taga. Da yake ba na magana sai kallo, na san abubuwa da yawa a kanta. Tana goge alli a zanenta ba ta sani ba. Idan ranta ya ɓaci, sai ta taɓa ɗan kunnenta na hagu. Kullum da an fita shan iska takan tsaya a bayan aji ta buga wa mahaifiyarta waya, su yi ta dariya kamar ƙawaye. Wannan ya fi komai ba ni mamaki.

Da muka gama jarrabawar zangon farko, Madam ta ce ba za ta ba kowa karnensa a hannu ba, wato ɗan littafin da ake rubuta makinmu a ciki. Kowa ya zo da uba ko uwa. Baba ya tafi Damagaram sarin kayan shago, Kaka kuma gwiwa ta hana ta tafiya mai nisa. Dole Inna ta yafa mayafi ta biyo ni, tana tafe a baya can kamar ba tare muke ba.

Mata suka zauna a tabarma ƙarƙashin dogon yaro. Ni aka fara kira, don ni na zo ta ɗaya. Madam ta kama kafaɗuna ta kai ni har gaban Inna.

"Mama, ga ƴarki! Ta ɗaya a aji duka! Ki rungume ta mana!"

Inna ta ja mayafi ta juya wajen katanga, inda wata akuya ke cin takarda.

"Ina gajiya, Madam? Yaya baƙunta?"

"Lafiya. Ba ki ji ba ne? Ta ɗaya na ce!"

"To. Sauran ne dai ba su yi karatu ba."

Mata suka sunkuyar da kai suna dariya cikin mayafi. Ba wadda ta yi wa Madam bayani, don bayani a gaban Inna ƙarin kunya ne gare ta.

"To ki faɗa min cikakken sunanta kafin ki dangwala hannu," in ji Madam.

"Ai yana rubuce a wurinku."

Daga nan sai Inna ta hango ƴar maƙwabciyarmu, wadda ta zo ta goma sha bakwai, ta kira ta da sunanta, ta shafa kanta tana cewa, "Wannan yarinya akwai ƙoƙari, Allah Ya yi miki albarka." Na ga hannun Madam ya tafi kunnen hagu.

Akwai abin da na gani wanda Madam ba ta gani ba. Babban yatsan ƙafar Inna yana tonon rairayi a bakin tabarma, kuma ba ya yin haka sai idan daɗi ya cika ta. Karnen ma da hannu biyu ta karɓa, ba ta naɗe shi ba, ta sa shi ƙarƙashin mayafi a ƙirjinta.

Tun daga washegari Madam ta ɗauke ni abar tausayi. Da an fita shan iska sai ta kira ni ta miƙo min biredi da kifin gwangwani.

"Ita ta haife ki?"

Na gyaɗa kai.

"Tana dukanki?"

Na girgiza kai.

"Kada ki ji tsoro. Kina ƙoshi a gida?"

Na sake gyaɗa kai. Amma ni siririya ce tun asali, kuma shiruna sai ya zame mata shaida. Ƴan aji suka sa min suna marainiyar Madam. Ƙawata da muke benci ɗaya, Bafulatana daga Gamu, ita ma ƴar fari ce, ta fi kowa sanin gaskiyar lamarin, kuma ita ke cinye rabin biredin.

"Ki ci gaba da shirunki," ta ce. "Idan ta sake tambaya, ki ɗan matso hawaye. Ƙila a ƙara da madara."

Abin dariya ne har wata Alhamis. Ran nan Madam ta tsayar da ni bayan an tashi, ta ce ranar Asabar za ta zo gidanmu. Idan ta ga abin da take zato, za ta sa diraktan lakwal ya tara kwamitin iyaye, a kira Inna, a nemi in koma wurinta da zama har a gama jarrabawar ƙarshe.

Nan take na zana abin a zuciyata. Na hango Inna zaune a gaban dattawan unguwa ana tambayarta dalilin da ya sa ba ta kula da ƴarta. A Gure magana ba ta kwana a unguwa ɗaya. Kafin kasuwa ta ci, har dangin Inna a Gidigir sun ji. Na buɗe baki in yi bayani, sai na tarar abin da zan ce shi ne "Inna tana sona", kuma wannan magana ni ma ba ta iya fita daga bakina. Ashe kunyar ba ta uwa kaɗai ba ce.

Kaka na gaya wa. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Bar ta ta zo. Baƙo ai idonsa manya ne, amma ba ya gani."

Ranar Asabar da hantsi Madam ta yi sallama. Inna ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, ta kawo ruwa da fura, ta shige madafa. Madam ta gyara zama za ta fara magana, Kaka ta tare ta da gaisuwa. Ta tambayi gajiya, ta tambayi zafi, ta tambayi aiki, ta tambayi mutanen Yamai ɗaya bayan ɗaya, har furar ta yi rabi.

"Ƴar nan, ke ta nawa ce a ɗakinku?"

"Ni ce ta fari, Kaka."

"Ikon Allah. To da kika ci jarrabawar malanta, me uwarki ta yi?"

Fuskar Madam ta washe. "Rawa ta yi! A titi, gaban gidanmu. Tana kiran sunana, maƙwabta suna tafa mata."

Kaka ta dafe ƙirji. "A titi? Da sunanki? Ba wanda ya riƙe ta?"

"Riƙe ta kuma? Murna ce fa!"

"To mu da mun wuce ta wurin, da mun ce baiwar Allah nan sai an nema mata rubutun sha. Kin ga kuwa da mun ɗauki alhakinta."

Madam ta yi dariya, amma ba ta sauka ba. "Kaka, yaro yana son ya ji ana yabonsa."

"Yana ji. Kunne kaɗai ke ji a garinku?"

"Ni dai abin da idona ya gani ran nan bai yi min daɗi ba," in ji Madam, hannunta yana hawa wajen kunnen hagu.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na kama bakin zanenta na ja. Ta biyo ni har ɗakin Inna, inda kwanonin aurenta ke jere a kan juna har kusa da rufi. Na taka kujera, na sauke na sama guda biyu, na buɗe na uku. Ƙamshin kanumfari ya tashi. A ciki, cikin wani tsohon ɗankwali, karnena ne duka, tun daga aji ɗaya, ba wanda kusurwarsa ta lanƙwashe. Na ƙannena suna shagon Baba, mai ya ɓata su. Na san wurin ne don na sha leƙen Inna ta bayan labule ranar Juma'a bayan azahar. Ba ta karanta boko, amma tana buɗe su ɗaya ɗaya, tana bin rubutun jan bik ɗin malamai da yatsa.

Madam ta ɗauki na aji ɗaya, ta juya shi, ta mayar a hankali. Ran nan na yi mata magana mafi tsawo da na taɓa yi.

"Madam, don Allah kada ki ce mata kin gani."

A madafa ƙarar muciya ta tsaya. Sai muryar Inna: "Wa ke taɓa min kwanoni? Ke! Fito min daga ɗaki, marar aikin yi!"

Madam ta toshe bakinta da hannu, kafaɗunta suna rawa, idonta kuma ya kawo ruwa. Da muka fito, ta je ƙofar madafa ta durƙusa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta gaida Inna da aiki, da hayaƙi, da yara, ta tambayi mutanen Gidigir.

"Gaisuwa kawai na zo yi, Mama."

"Mun gode. Sai kin ci tuwo za ki tafi."

Ba a tara kwamiti ba. Biredi ma ya tsaya, kuma ƙawata ta yi kwana biyu tana fushi da ni. "Baki shekara guda a rufe," ta ce, "ranar da ya buɗe sai ya kashe mana kifi."

Bayan haka Madam ta koma mai tambaya. Takan zauna da matar da ke sayar da ƙosai a ƙofar lakwal, da tsohon mai gadi, tana tambayarsu abin da ake yi da wanda ba a yi. Wani lokaci ta yi daidai, wani lokaci ta wuce gona da iri: ta taɓa durƙusa wa mai kawo ruwa a kura, yaron da ta girme shi, har ya ruɗe ya zubar da jarka guda.

Ranar karɓar karnen zango na biyu, Inna ta sake zuwa da kanta ko da yake Baba yana gari. Madam ba ta kama kafaɗata ba. Ta zo bakin tabarma ta rage tsawo, ta yi gaisuwa har ta ƙare, sannan ta miƙa karnen tana kallon wani wuri.

"Mama, waccan dai har yanzu ba ta iya komai ba. Ta ɗaya kawai ta sake zuwa."

"Ai na gaya miki," in ji Inna. "Sai haƙuri."

Mata suka kwashe da dariya, wannan karon ba cikin mayafi ba. Yatsan Inna ya tona rami har ya kai danshi.

Da za mu tafi, Inna ta ciro ƙullin dabinon Gidigir ta danƙa wa Madam. Ta juya fuskarta wajen katanga, ta yi ƙasa da murya.

"Idan kin buga wa mahaifiyarki waya, ki gaishe ta. Ki ce idan ƙafarta ba ta ciwo, ta ɗan taka min kaɗan a titin nasu."

Washegari da aka fita shan iska ban bar bencina ba. Ta taga na ga Madam a bayan aji ta nisanta wayar da kunnenta saboda ihu. Daga Yamai, a bakin wata mata da ba ta taɓa ganina ba, na ji sunana yana fitowa tare da tafi.

Da na koma gida na tsaya a ƙofar madafa na ce, "Inna, an taka."

Ba ta waiwayo ba. "Ke, wanke hannu ki ci abinci."

A ƙarƙashin tuwona na tarar da tsokar nama biyu.